Darasi Na Bakwai: Ɗaukar Hoto da Kyamarar Dijital Don Bincike da Koyarwa

7.0 Gabatarwa

Da wuya ɗalibin Hausa ya kammala karatunsa a kwalejin ilimi bai fita neman bayani a kan wata sana'a ko wani biki ko wasa na gargajiya ba. In ya zama malami kuma, zai buƙaci abin da zai nuna wa yaran da ba su taɓa ganin zuga-zugi ko ƙoshiyar masaƙi ba, tun da gani ya kori ji. Sai dai duk wanda ya saba duba kundayen binciken ɗalibai ya san irin hotunan da ake maƙalawa a bayansu. Na taɓa duba wani kundi a kan ƙira, wanda mai shi ya yi tafiyar kwana biyu kafin ya sami tsohon maƙerin da ya yi hira da shi. Bayanin ya yi kyau ƙwarai. Hoton kuwa baƙin ƙofar rumfa ne da farin fili a bayanta, sai da ɗalibin ya sa yatsa ya ce, "Malam, ga shi nan zaune," sannan na yarda akwai mutum a ciki. Kafin a sake komawa garin, tsohon ya rasu.

Wannan darasi zai yi bayanin abubuwan da mai koyo ya kamata ya kiyaye domin ya dawo daga fagen bincike da hoton da zai yi amfani. Mafi yawan abin da za a faɗa ya shafi kyamarar wayar hannu ma, domin tun wajen 2010 wayoyi suka fara ƙwace kasuwar ƙananan kyamarori, kuma hanyar aikinsu ɗaya ce.

7.1 Kyamara Ba Ido Ba Ce

Asalin kalmar kyamara daga Latin ne, ma'anarta ɗaki. In aka rufe ɗaki ya yi duhu, aka bar 'yar kafa guda a bango, surar abin da ke waje za ta bayyana a bangon da ke fuskantar kafar, kai a ƙasa. Masanin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi nazarin wannan al'amari, ya kuma tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. An daɗe da sanin surar kafin a san yadda za a tsare ta. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi wajen 1826, kuma sai da ya bar kyamarar a buɗe awoyi masu yawa. Kyamarar dijital ta farko kuwa injiniya Steven Sasson ne ya harhaɗa ta a kamfanin Kodak na Amurka a 1975. Ɗigo 10,000 kacal hotonta yake da shi, baƙi da fari, kuma daƙiƙa 23 take yi kafin ta adana hoto ɗaya a kaset.

Bambancin kyamarar dijital da ta fim shi ne, maimakon fim, wani ɗan faranti mai jin haske ke karɓar surar ya mayar da ita miliyoyin ɗigo, a ajiye su a kati. Ɗigo miliyan ɗaya shi ake kira megafiksil.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai koyo shi ne ya san cewa kyamara ba ta gani yadda mutum yake gani. Mutum na iya tsayawa a tsakar rana ya hango fuskar wanda ke cikin zaure, domin idonsa na gyara kansa nan take. Haka kuma in ya zuba wa masaƙi ido, hankalinsa yakan share bola da babur da ke gefe kamar babu su. Kyamara ba ta iya ɗaukar haske mai tsanani da duhu mai tsanani tare, kuma ba ta san wane ne masaƙi wane ne babur ba. Duk abin da ke gabanta ɗauka take yi. Kusan kowane kuskuren mai koyo daga mance wannan yake tasowa.

7.2 Haske

Abubuwa uku ke ƙayyade hasken da hoto zai samu. Na farko kafar haske, wato ramin da ke cikin madubin kyamara, wanda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Na biyu ƙyaure, wanda ke buɗewa ya rufe idan an danna maɓalli. Na uku ƙarfin jin haske na farantin, wanda ake rubuta shi da haruffan ISO. A kwatanta da cika tulu a bakin famfo: in an buɗe famfon sosai, nan da nan tulu ya cika, in an bar shi yana tsiyaya kuma sai an jira. Tulun da bai cika ba shi ne hoto mai duhu, wanda ya yi ambaliya shi ne hoton da masu hoto ke cewa ya ƙone.

Lambobin kafar haske suna rikita mai koyo domin a juye suke: f/2.8 kafa ce mai faɗi, f/16 kuwa 'yar ƙarama. Kafa mai faɗi takan fito da abu ɗaya tangaram ta bar bayansa dishi-dishi, wannan ya dace da hoton fuskar mutum a cikin kasuwa. Tsukakkiyar kafa kamar f/8 ko f/11 takan fito da na kusa da na nesa gaba ɗaya, ita ake so in ana ɗaukar ganuwa ko filin karofi. Lokacin ƙyaure da ɓangaren daƙiƙa ake auna shi, kuma 1/250 rabin hasken 1/125 yake shigarwa. Shi kuwa ISO, da rana a bar shi a 100 ko 200. A cikin ɗaki ana iya kai shi 800 ko 1600, amma gwargwadon ɗaga shi gwargwadon yadda hoton zai yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Ba dole ne mai koyo ya riƙa juya waɗannan da hannunsa ba. Kyamara na iya zaɓa da kanta, kuma sau da yawa zaɓinta daidai ne. Abin da ake so shi ne ya san inda takan ruɗe, kuma wurin da ta fi ruɗewa shi ne wurin da muka fi aiki. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne bisa ɗaukar cewa in aka gauraya duk abin da ke gabanta zai zama ruwan toka, ba fari ba baƙi. To, a sa dattijo mai duhun fata ya sha farar babbar riga da farin rawani a tsakar rana. Farin ya cika hoton, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage. Riga ta koma toka-toka, fuska ta ɓace. Maganin wannan wani maɓalli ne mai alamar +/-, wanda kusan kowace kyamara take da shi. A ƙara zuwa +1, a ɗauka, a duba fuskar a allon kyamara. In akwai maɓalli ɗaya da ya kamata ɗalibi ya haddace wurinsa kafin ya bar gida, to wannan ne.

Lokacin ɗauka ma yana da hukunci. Ƙasar Hausa ba ta da nisa daga tsakiyar duniya, saboda haka daga walaha zuwa azahar rana tana bisa kai. Hula da rawani sukan jefa inuwa a kan idanu, mutum kuma ya riƙa tsuke fuska. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya ya fi taushi, yana kuma zuwa daga gefe. Hasken gefe shi ke fito da tudu da kwari. Zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, sassaƙar jikin ƙwarya, zaren aska takwas a ƙirjin riga, duk waɗannan in aka ɗauke su da rana tsaka sai su kwanta kamar fenti, in rana ta karkata kuwa sai a ga kowane layi ya tashi. Sai dai wannan haske ba ya daɗewa a wurinmu, rana tana sunkuyawa almuru ya kawo kai, don haka a isa wurin da wuri.

In dole sai da rana tsaka, a nemi inuwa mai kauri, kamar gefen katanga ko bakin rumfa. Inuwar darbejiya da rana ke ratsawa takan bar fuska dabbare-dabbare. Wuri mafi kyau da na sani na ɗaukar hoton mutum shi ne bakin zaure daga ciki: ya zauna yana fuskantar ƙofa ko ya ba ta gefe, mai ɗauka ya tsaya ƙofar tana bayansa ko gefensa. Kuskuren ɗalibin da aka ambata a gabatarwa shi ne ya yi akasin haka, ya shiga cikin rumfa ya fuskanci waje, hasken fili ya rinjayi kyamara, maƙerin ya koma inuwa. Taku uku da zai yi ya zagaya ya isa gyara hoton.

Game da filasha, hasken ta ƙaramar kyamara ba ya wuce mita 3 zuwa 4. Kunna ta a filin dambe da dare daga bayan taro ɓata batir ne kawai, ƙeyar na gabanka za ta haska. Tana kuma ƙyalli a jikin kwanon sha da gilashi da duk abu mai sheƙi, shi ya sa in ana ɗaukar abin da ke cikin akwatin gilashi ake kashe ta a tsaya a karkace. Abin mamaki, da rana ta fi amfani: in haske na bayan mutum kuma ba halin zagayawa, a matsa kusa a tilasta mata tashi, sai ta cike inuwar fuskar.

7.3 Riƙo da Motsi

Hoton da ya yi dishi-dishi, ko dai hannun mai ɗauka ne ya motsa, ko abin da ake ɗauka, ko kuma kyamara ta saita kanta a kan wani abu dabam. Ana iya gane wanne ne. In komai ya jirkice, hannu ne. In bango ya fito rangaɗau mutum ya zama hayaƙi, motsinsa ne ko saiti.

A riƙe kyamara da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a ɗan ware ƙafa. In akwai bango ko itace a jingina. Ƙasa da 1/60 hannun mutum ba abin amincewa ba ne, sai a ɗora kyamarar a kan turmi ko benci ko mazauninta mai ƙafa uku, a sa mata agogon jinkiri ta ɗauka da kanta. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi, kuma da yawa daga masu koyo ba su san haka ba. In aka danna shi rabi, kyamara za ta saita nisa ta auna haske, ta nuna alama ko ta yi 'yar ƙara. Daga nan sai a ƙarasa dannawa a hankali. Wanda ya caka masa yatsa gaba ɗaya ya haɗa wa kansa asara biyu: ya girgiza kyamara, ya kuma sa ta ɗauka a makare. In hoton mutum ne, a saita a kan idonsa.

Abu mai gudu yana son ƙyaure mai sauri. Mai tafiya a ƙasa 1/125 ko 1/250 ta ishe shi. Dawakin da ke sukuwar jafi a Hawan Daushe sai 1/1000. A kyamarar da ke da harafin S ko Tv a jikin makewayinta, nan ake zaɓen saurin, a ƙananan kyamarori kuwa a nemi alamar mutum mai gudu. A danna rabi a kan wurin da dokin zai biyo tun bai iso ba. Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar kowane saiti. Duk motsi mai kai da komowa yana da inda yake ɗan tsayawa: taɓarya idan ta kai ƙarshen tashinta, masaba kafin ta sauko, gugar mai jan ruwa a bakin rijiya. A tsaya a kalli aikin har a kama kiɗansa, sannan a danna a daidai wannan gaɓa.

Zum iri biyu ne. Na madubi yana jawo abu da gaske, amma yana ninka rawar hannu. Na dijital yanka tsakiyar hoto yake yi ya kumbura shi, ba ya ƙara komai sai dishi. A kashe shi, a taka da ƙafa.

7.4 Tsara Abin da Zai Shiga Hoto

Kafin a ɗaga kyamara a tambayi kai: me nake so yaro ɗan aji biyu ya gani a wannan hoto? In amsar ta wuce jimla ɗaya, to hotuna biyu ake bukata. Mai koyo yakan tsaya nesa, wani lokaci don kunya, ya ɗauko rumfa da titi da sararin sama, abin da ya zo dominsa ya zama kamar ƙuda a faranti. A matsa har abin ya cika hoton. Sannan a zaga da ido gefuna huɗu na allon kafin a danna, ko akwai turken lantarki da ya tsiro a kan wani, ko leda, ko rabin fuskar ɗan kallo. A durƙusa in mai sana'ar a zaune yake, haka ma in yara ne, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙasƙantar da mutum yana kuma ɓoye hannayensa, alhali a hannayen sana'ar take.

Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu zane wadda ta ce a raba fili gida uku a tsaye da uku a kwance, a aje abin da ake nufi kusa da inda layukan suka gamu, ba a tsakiya cif ba. Kyamarori da yawa na iya nuna layukan a allo. Tana da amfani, musamman wajen miƙe gini kada ya karkace da barin fili a gaban wanda ke kallon gefe, amma ba farilla ba ce. Hoton kayan aiki don koyarwa a tsakiya ya fi dacewa, a kan tabarma ko ƙyalle marar ado, da rula ko biro a gefe domin a san girmansa. In ba haka ba, yaro zai iya ɗauka tsinken ƙaho da sungumi tsawonsu ɗaya.

Sana'a mataki-mataki ce, don haka hoto ɗaya ba ya isar ta. A ɗauki misalin marinar Ƙofar Mata a Kano. Da farko a ɗauki filin duka daga nesa domin a ga jerin ramukan. Sai a matso a ɗauki marini a bakin raminsa. Sai a ƙara matsowa: hannu cikin ruwan baba, ƙullin da aka yi wa ƙyalle, shanya, har zuwa mabuga. Wanda ya yi tambaya kafin ya fara ɗauka zai san cewa ƙyalle yakan fito daga ramin da launin kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi cikin ɗan lokaci. Wannan sauyi shi ne zuciyar rini, kuma wanda bai san da shi ba zai bar shi ya wuce yana duba hotunan baya a allo. Tun da ba fim ake ƙonawa ba, a ɗauki kowane mataki sau uku ko huɗu, a tsaye da a kwance.

7.5 Haƙƙin Wanda Ake Ɗauka

Ba a shiga gari a fara ɗauke-ɗauke. A gabatar da kai ga mai unguwa ko shugaban masu sana'ar, a nuna takardar makaranta, a faɗi abin da za a yi da hotunan. A fara da gaisuwa da hira, kyamara na cikin jaka. Mutumin da ya saki jiki zai ci gaba da aikinsa, wanda aka auka wa kuwa zai miƙe ya ƙame kamar mai hoton fasfo. Aikin cikin gida, kamar kitso da kaɗi da girki, ya fi sauƙi a hannun ɗaliba mace, kuma yardar maigida ba ta wadatar ba sai matar da za a ɗauka ta yarda da bakinta. In ta ce a ɗauki hannu ban da fuska, a yi hakan, sau da yawa ma hoton ya fi kyau. Hoton yaran makaranta yana bukatar izinin shugaban makaranta da na iyaye, kuma izinin sakawa a kundi ba izinin watsawa a intanet ba ne. A nisanci ɗaukar barikoki da shingayen jami'an tsaro.

In an roƙi wani ya kwaikwayi aikin da aka daina yi domin a ɗauka, babu laifi, amma a rubuta haka a ƙarƙashin hoton. Kuma in an yi alkawarin wanko hoto a kawo, a cika, domin akwai ɗalibai masu zuwa a baya.

7.6 Adanawa

A saita kwanan wata da lokaci a kyamara tun ranar farko, domin tana liƙa su a jikin kowane hoto. A riƙe ɗan littafi ana rubuta gari, da sunan abu yadda masu shi suke faɗa, da lambar hoton. Bayan wata uku ba wanda zai tuna wanne ne awartaki wanne ne matsoni. A bar kyamara a kan girma mafi yawa. Hoto mai faɗin santimita 10 da 15 megafiksil 2 ya ishe shi, cikakken shafin A4 kuwa yana son wajen 9, amma ba a san ranar da za a buƙaci faɗaɗa hoto a rataya a aji ba. A kwafe hotuna wuri biyu kafin a share kati. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi ya rage inganci, kada a mai da shi asali.

Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba. A rufe madubi in ba ɗauka ake yi ba, a sa kyamara a jaka mai zif. Kada a goge madubi da bakin riga, ƙurar na karce shi. A fara kaɗe ta da buroshi mai laushi, sannan a shafa ƙyallen goge tabarau. A tafi ƙauye da batir biyu cikakku.

Jinga

1. Ɗauki hoton abokin karatunka sanye da fararen kaya a wuri ɗaya, da hantsi da rana tsaka da la'asar. Maimaita na rana tsaka da +1. Rubuta abin da ka lura da shi a fuska da kuma a tufafin.

2. Zaɓi sana'a ɗaya a garin da kwalejinku take. Bayan neman izini, kawo hotuna shida da ke nuna matakanta, kowanne da bayanin jimla ɗaya a ƙarƙashinsa, sannan ka tsara darasin minti 35 na ajin farko na ƙaramar sakandare da za a koyar da su.